Jikin da Aka Sa wa Rana

"Ba ƙin ki nake yi ba, ɗiyata. Tsoro kike ba ni."

Da wannan maganar Hajiya Kadidia ta tarbi Nafi ranar da ta fara zuwa gaishe ta. Tana zaune kan katifa a rumfar gidanta da ke tsohon garin Agadez, ƙafafu a miƙe saboda ciwon gwiwa, tana kallon yarinyar da ɗanta Alkasum ya ce in ba ita ba sai rijiya. Ta fara daga sama ta sauko ƙasa, ta sake komawa.

"Miƙo hannunki."

Nafi ta miƙa. Hajiya ta zagaye wuyan hannun da yatsu biyu, suka haɗu har da saura.

"Kin gani? A danginmu in amarya ta zauna, tabarma kan san an zauna mata. Ke in aka kai ki ɗaki, cewa za a yi ɗana ya auro majinyaciya. In kika shekara a haka, a ce muna hana ki abinci. Wannan ƙugun ne zai ɗauki jikana?"

Nafi ta sunkuyar da kai. Idanunta suka ciko, amma ba ta bari sun zubo ba.

"Jibi zai tafi Fachi saro dabino da gishiri, zai yi wata biyu. In kin yi jiki kafin ya dawo, ni da kaina zan tura Alhaji Idrissa, ƙanen mahaifinsa, ya kai goro gidanku. In ba haka ba, ga Bilkisu nan ɗiyar ƙanena, Allah ya cika ta ko'ina. Tashi ki je, ki gaida mutanen gida."

Shekarun Nafi ashirin da huɗu, malama ce a wata lakwal, makarantar ƙananan yara, a Dagmanet. Tun da aka haife ta siririya ce, haka marigayiya mahaifiyarta take. Tun tana ƙarama ake ce mata sillen kara, ake ce mata ta riƙe bango in iska ta taso. Ta koyi yin dariya tare da masu faɗa, ta koyi yin kukanta a bayan ɗaki. Alkasum ne namijin farko da ya shekara yana zuwa wurinta bai taɓa tambayar ta ko ta ci abinci ba.

Shi ya sa da ya zo sallama washegari da la'asar, ta fito zaure da sauran ƙarfin zuciya. Ta faɗa masa duk yadda suka yi da Hajiya. Ya daɗe yana juya makullin babur a hannunsa.

"Kin san ni ban damu ba, Nafi. Wallahi ban damu ba."

"Na sani."

"Amma kin san Hajiya. Ita kaɗai ta rage mini. Ki daure ki riƙa cin abinci sosai, ko kaɗan ne ta gani, ta samu abin da za ta riƙe. Wata biyu ne fa. Ça va aller, komai zai daidaita."

Ta jira ya ƙara wani abu. Ta so ya ce kada ta canza komai, shi zai san yadda zai yi da mahaifiyarsa. Bai faɗa ba. Ya yi mata alkawarin dabinon Fachi mai laushi, ya tayar da babur ya tafi.

Tun daga ranar Gwaggo Rabi ta ɗaura ɗamara. Ƙanwar mahaifin Nafi ce, ita ta riƙe ta tun rasuwar uwar, kuma tana son ta irin son nan da ba ya jin magana.

Da sassafe ƙwarya guda ta fura da aka daka da dabino da cuku. Da rana shinkafa mai mai har yana kwanciya a gefen kwano. Da la'asar wata furar. Gwaggo takan zauna a gabanta ta tsare ta da ido.

"Shanye."

"Gwaggo, cikina ya cika."

"Ciki roba ne. Toshe hanci ki shanye."

Sau da yawa Nafi takan zaga bayan ɗaki ta amayar, ta wanke baki ta dawo. Bayan sati uku Gwaggo ta auna ƙugunta da zare, ta gwada da ƙullin da ta yi ranar farko. Ko tsinin allura bai ƙaru ba.

A satin nan ne Issouf ya zo. Dillalin dabbobi ne daga Aderbissinat, ya daɗe yana neman Nafi tana kaucewa, kuma labarin sharaɗin Hajiya ya riga ya kai masa, don magana a Agadez ba ta kwana a gida ɗaya. Ya ajiye bido, wato jarka, cike da nonon raƙumi a zaure, ya gyara rawaninsa.

"Malama, ni ramarki ba ta tayar mini da hankali. Bara na sayi raƙuma da ake ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Wata uku a hannuna, sai da mutane suka riƙa tsayawa kallo. A ba ni ke. Ba lakwal, ba alli, ba tsayuwa. Nono da kwanciya kawai. Kafin damina ba mai gane ki."

Shi a wurinsa daɗin baki ya yi mata. Nafi ta yi masa godiyar nono, ta ce kanta na ciwo, ta shige gida. Abin da ya sa ta kuka ranar ba maganar raƙumar ba ce. Ta lura ne cewa duk mai son ta, wata macen yake jira ta fito daga cikinta.

Da yamma Gwaggo ta shigo ɗakinta ta sakaya ƙofa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙaramar leda cike da fararen ƙwayoyi.

"Wurin mai tebur na samo a kasuwa. Biyu da safe, biyu da yamma."

Nafi ta san su. 'Yan mata na kiran su sha-ka-fashe.

"Gwaggo, an ce suna da illa."

"An ce, an ce. Duk waɗannan da kike gani suna cika hanya, kina tsammanin tuwo ne? Ki saurare ni, Nafi. Sa'o'inki duk sun yi 'ya'ya biyu, uku. Ga yaro mai hankali, mai sana'a, yana son ki. Za ki zauna Bilkisu ta ɗauke shi saboda ƙwaya huɗu? In kin shiga ɗakinki sai ki daina."

Ta ajiye ledar kan katifa ta fita.

Nafi ta ɗauki waya ta kira Alkasum. Ba rezo a inda yake, waya ba ta kamawa. Ta sake kira, ta sake. Ta yi niyyar in ya ɗauka ya ce kada ta sha, ba za ta sha ba. Har aka kira magariba wayar ba ta shiga ba. Ta ɗebi ruwa a randa, ta haɗiye biyu.

Cikin kwana goma yunwa ta kama ta irin wadda ba ta taɓa sani ba. Ta ci nata ta ci ragowar na Gwaggo. A sati na uku fuskarta ta zagaye kamar faifai, wuyanta ya yi kauri, cikinta ya turo, riguna suka fara matse ta. Ƙafafun ne kawai suka ƙi, suna nan sirara a ƙarƙashin zane.

Sai yabo ya fara zuwa ta ko'ina.

"Malama, mene ne sirrin?"

"Kai, Nafi, ashe haka kike da kyau."

Matan unguwa da ba su taɓa tsayar da ita ba suka riƙa tsayar da ita a bakin famfo. Ita kuwa kanta na sarawa tun daga safe, ƙishirwa ba ta ƙarewa, zuciyarta na bugawa kamar ta yi gudu ko da a zaune take. Wasu jajayen zane suka fito mata a ciki da cinya. In ta dubi madubi, wata baƙuwa take gani mai ƙananan idanu. Ta juya madubin ya fuskanci bango.

Mahaifinta Malam Seydou baduku ne, mutum mai ƙarancin magana. Wata safiya ya ɗago kai daga takalmin da yake ɗinki ya dube ta da kyau.

"Nafi, lafiyarki ƙalau kuwa?"

"Ƙalau, Baba."

"Fuskar nan ba taki ba ce."

Gwaggo ta yi caraf daga madafa. "Yaya, ka bar yarinya ta ji daɗin jikinta. Hutu ne da abinci."

Ya mayar da kansa kan ɗinkinsa.

Hajiya Kadidia ta aiko a kira ta. Wannan karon tun daga ƙofa ta fara murmushi. Ta jawo Nafi kusa, ta shafa kumatunta, ta matsa damtsenta.

"Masha Allah. Yanzu kika zama mace. Ashe dama rashin kula ne."

Ta sa aka kawo mata shayi da soyayyen nama, ta ba ta turare. Nafi na zaune tana murmushi, rumfar na juyawa da ita a hankali.

Hajiya ba ta ma jira dawowar ɗanta ba. Ranar Juma'a Alhaji Idrissa ya zo da mutum biyu, da goro, da alewa, da akwati ɗaya na kayan sa rana. Aka yi addu'a a zauren Malam Seydou, aka sa biki sati bakwai. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe.

Kwana huɗu bayan nan, Nafi na rubutu a allo a gaban 'yan ajinta, ta ga haruffan suna rabuwa biyu. Ta dafa bango. Ba ta san sanda ta kai ƙasa ba.

A likita, wato asibiti, ta farka, robar ƙarin ruwa a hannunta, Gwaggo na gefen gado tana jan carbi da kuka. Lokotoron da ta duba ta mace ce mai suna Aissa. Ta ɗaga rigar Nafi ta ga zanen cikinta, ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Tun yaushe kike shan su?"

Nafi ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta dubi ƙasa.

"Sati biyar."

"Malama ce ke, an ce mini. To ki ji da kyau. Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Tansiyonki ya hau, hawan jini ke nan, sukarinki ya hau. Ke ce ta uku da aka kawo mini cikin watan nan, kuma ɗaya ba ta koma gida ba. Ba a yanke maganin nan rana ɗaya, sai ya kayar da ke. Zan rubuta miki yadda za a riƙa ragewa har a daina. In Allah ya so, jikinki zai koma yadda yake."

"Yadda yake?" Gwaggo ta tambaya da ƙaramar murya. "Cikin kwana nawa?"

"Wata ɗaya, wata biyu."

"Lokotoro, bikinta saura sati shida. Ba yadda za a yi a ɗan jinkirta ragewar, a wuce biki tukuna?"

Lokotoro Aissa ta rufe takardar hannunta.

"Inna, ɗaki kike so a kai ta, ko kushewa?"

Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. Nafi ba ta taɓa jin ta tana irin wannan kukan ba.

Kwana biyu bayan nan Alkasum ya iso gari. Daga tasha ya wuce likita, ko wanka bai yi ba. Gado biyu ne a ɗakin. Ya yi sallama, idonsa ya bi ta kan Nafi ya wuce gado na biyu, ya ga tsohuwa ce, ya juya zai fita.

"Alkasum."

Ya tsaya. Ya juyo a hankali. Ta ga lokacin da ya gane ta, ta ga yadda bakinsa ya buɗe ya kasa rufuwa.

"Inna lillahi. Nafi, ke ce?"

"Ni ce. Ka ga amaryar da aka sa maka rana da ita."

Ya durƙusa a bakin gadon. "Wa ya sa ki wannan? Wa ya ba ki?"

"Wanda ya ba ni daban. Wanda ya sa ni, kai ne."

"Ni? Ni abinci na ce."

"Abinci ka ce. Na ci har na yi amai, na sake ci. Shekara ashirin da huɗu ina cin abinci, Alkasum, ka taɓa ganin ya zauna a jikina? Ka san ba zai zauna ba. Ka dai faɗa ne don ka tafi da sauƙin zuciya, ka bar ni da sauran."

Hawaye suka gangaro mata zuwa cikin kunne. Ba ta share ba.

"Ranar da zan fara sha, sau tara na kira ka. Kalma ɗaya nake nema. Da ka faɗe ta tun a zaure, da ban nemi rezo ba."

"Ki yafe mini. Wallahi ban san zai kai haka ba. Da na sani, da na..."

"Da ka yi me?"

Ya sunkuyar da kai. Shi ma idanunsa sun yi ja.

Can ya matso, ya rage murya. "Ki ji. An ce wa Hajiya palu ne, zazzaɓin cizon sauro, ya kayar da ke. A bar shi a haka. Ki bi abin da lokotoro ta ce, ki warke. Kada ki je gidanmu sai ranar biki. Ranar kuma ai a lulluɓe za a kai ki, Gwaggo ta ninka miki zannuwa a ciki. In an ɗaura an ɗaura, ba abin da za ta iya yi."

Nafi ta daɗe tana kallon sa.

"Washegarin biki fa? In fito tsakar gidanta da zane uku? In yi shara da su, in yi girki da su, har yaushe? Ranar da ta gane, me zan zama a gidan? Maƙaryaciyar da aka shigo da ita a naɗe."

"To ya kike so in yi? Uwata ce."

"Ban ce ka saɓa mata ba. Cewa na yi ka tsaya a gabanta ka ce ga wadda kake so, a yadda Allah ya yi ta. Ko sau ɗaya ka taɓa faɗa mata haka?"

Ya kawar da ido, sai ta san amsar.

"To ni zan faɗa mata."

"Nafi, don Allah kada ki yi. Komai zai rushe."

"Abin da aka gina a kan kumburi, ai dama jiran ranar saɓewa yake yi."

Ta juya fuskarta bango. Ya daɗe a durƙushe kafin ta ji fitarsa.

Sati uku ta yi a gida tana jinya. Kumburin ya riƙa sauka kaɗan kaɗan, ƙasusuwan kumatunta suka fara dawowa. Gwaggo ta daina zancen fura. Takan dafa mata abin da lokotoro ta ce, ba gishiri sosai, ta ajiye ta fita ba tare da sun haɗa ido ba. Kullum Alkasum na aiko saƙo a waya, kullum maganar ɗaya ce: ta yi haƙuri, ta bari a wuce biki.

Ranar wata Laraba da hantsi ta shirya. Gwaggo ta tare ta a ƙofa.

"Ina za ki?"

"Tsohon gari."

"Nafi, na roƙe ki. Na cuce ki sau ɗaya, na sani. Kada ki cuci kanki na biyu."

"Gwaggo, ki sa mini albarka kawai."

Ta hau kabu-kabu, ya sauke ta kusa da babban masallaci, ta ƙarasa da ƙafa ta cikin lungunan jar ƙasa, tana tsayawa tana hutawa.

Hajiya na wurinta na kullum. Alkasum na zaune gefe yana shafa mata man zafi a gwiwa. Da ya ga Nafi sai hannunsa ya tsaya.

Murmushin Hajiya ya ɗauke tun kafin a gama gaisuwa.

"Subhanallahi. Palun ne ya zuƙe ki haka?"

"Ba palu ba ne, Hajiya."

Nafi ta durƙusa, ta fito da ledar da sauran ƙwayoyin ta ajiye a bakin katifa.

"Jikin da kika gani kika yi murna, ga shi nan a leda. Ba nawa ba ne. Shi ya kai ni likita, saura kaɗan ya kai ni inda ba a dawowa. Wannan da kike gani yanzu shi ne nawa, kuma zai ƙara sauka. Haka uwata take, a haka ta haife ni. Ba ni da wani ciwo. Ina aikina, ina azumina. Na zo ne in faɗa miki da bakina, don kada a kawo miki ni a lulluɓe ki ce an yaudare ki."

Hajiya ta dubi ledar, ta dubi ɗanta.

"Ka san da wannan?"

"Na sani, Hajiya."

"Kuka ce mini palu."

Hajiya ta jawo ƙafarta da ƙyar ta gyara zama.

"Ke yarinya, kina tsammanin ke kika fara shan wuya don aure? Ina da shekara goma sha ɗaya kakata ta fara ɗura mini nono da gero. In na yi amai a sake cika ƙwarya. In na ƙi a matse mini yatsun ƙafa. Shekara uku ana yi. Ranar da aka kawo ni gidan nan, mata har daga wasu unguwanni suka zo kallo. Na mutu? Ga ni zaune. Ke wata ɗaya kika yi kika zo kina yi mini wa'azi."

Nafi ta ɗago ta dube ta, ta ga ba fushi kaɗai ne a idon ba.

"Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya. Ba a kyauta miki ba."

"Me kika ce?"

"Yarinya ce ke lokacin. Ba a kyauta miki ba. Kuma in Allah ya ba ni ɗiya a gidan nan ta ɗauko jikina, ba zan iya riƙe mata ƙwaryar ba."

Leɓen Hajiya ya motsa, ba abin da ya fito. Ta kai hannu ta dafe gwiwarta. Nafi ta yi zaton za ta yi kuka.

Sai fuskar ta rufe.

"A gidana za ki zagi kakata. Tashi ki fita. Alkasum, kira mini Idrissa."

Nafi ta miƙe. Ta dubi Alkasum sau ɗaya. Kansa na ƙasa, man zafin na hannunsa. Ta fita, ta bi lungun a hankali, tana sauraron bayanta har ta kai bakin hanya. Ba takun kowa.

Da ta koma gida ta zauna gaban mahaifinta ta faɗa masa komai, tun daga wuyan hannun da aka auna har zuwa ledar. Malam Seydou ya ajiye basillarsa.

"Na ga fuskarki na yi shiru," ya ce. "Wannan laifina ne."

Bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Alhaji Idrissa ne, shi kaɗai. Nafi na tsaye bayan ƙofar da ta haɗa zaure da tsakar gida, Gwaggo na bayanta ta riƙe mata hannu.

Aka gaisa, aka sake gaisawa. Alhaji ya yi gyaran murya.

"Malam, yau na zo da kunya. Aike biyu ne a bakina, kuma ba su jitu ba. Hajiya ta ce in karɓo akwatin, an fasa. Na fito zan hau mota, yaron ya tare ni a ƙofa. A gabanta ya faɗa, tana ji. Ya ce in gaya maka kada a ba ni, shi Nafi yake so ko da ta fi haka ramewa. Uwar ta ce in ya ƙara faɗa ba ita ba shi. Ya ƙara faɗa. Na baro su a haka. Yana waje cikin mota, ya kasa shigowa."

Gwaggo ta matse hannun Nafi har ya yi mata zafi. "Alhamdulillahi," ta raɗa. "Kin ji? Ya faɗa."

Malam Seydou ya ɗaga murya kaɗan. "Nafi, na san kina nan. Shigo."

Ta shigo ta durƙusa.

"Kin ji aiken biyu. Ni ba zan zaɓa miki ba. A ba shi akwatin, ko a riƙe?"

Kalmar da ta nema wata uku ta zo, sai dai ta zo bayan an gama ɓarna. Ta tuna shi a durƙushe a likita, ta tuna kansa a sunkuye da safiyar nan. Tana son sa, wannan ba ta taɓa shakka ba.

"Baba, a ba shi."

Gwaggo ta saki wani sauti daga bayan ƙofa. Alhaji Idrissa ya ɗago.

"Ɗiyata, kin fahimci abin da na ce kuwa? Yaron ya tsaya miki."

"Na fahimta, Baba Alhaji, kuma na gode masa." Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta karye ba. "Akwatin nan ba ni aka kawo wa ba. Wata aka gani aka kawo wa, kuma ba ta nan. A mayar wa Hajiya kayanta. Ka ce masa ya koma ya nemi gafarar mahaifiyarsa, ba na son in shiga tsakaninsu da baki a kansa. In na gama warkewa, na koma yadda nake sarai, ya zo da rana tsaka ya dube ni. In har lokacin yana so, a sake kawo goro da sunana."

"In kuma Hajiya ba ta sauko ba?"

"To Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Malam Seydou ya tashi da kansa ya shiga ciki, ya fito da akwatin ya ajiye gaban baƙon. Alhaji Idrissa ya girgiza kai, ya ɗauka, ya yi sallama.

Nafi na nan durƙushe a zaure. Ta ji an buɗe bayan mota, an rufe. Ta ji muryar Alhaji ƙasa ƙasa yana magana, ya daɗe yana yi. Sai ta ji muryar Alkasum ya kira sunanta sau ɗaya, daga bakin ƙofa.

Ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije, don kada ta amsa.